Ɓera a Keji, Hatsi a Rumbu

Ɗan ƙanwata, wanda Inna ta riƙa tun daga yaye, yana karatu a Sakkwato. Da ya zo hutu Tajaye bayan an gama kai hatsi gida, ban da jakar tufafinsa sai ga shi rungume da wani ƙaramin keji na waya, an lulluɓe shi da tsohon zane. Yaran gida suka yi tsammanin tantabaru ne. Da aka yaye zanen sai ga ɓeraye biyu farare fat, idanunsu jawur, suna ta shinshine-shinshine ba ko ɗar. Wani abokinsa mai karatun haɗa magunguna ne ya ba shi su, ragowar waɗanda aka haifa don gwaji ba a kai ga taɓa su ba.

Inna ta leƙa sau ɗaya, ta ja da baya tana salati.

“Kai maigida, mine ne wanga ka kawo muna?”

“Kaka, ba irin kusun rumbu ba ne. Na kiwo ne, ya ma fi kyanwarki tsabta.”

“Kusu kusu na, ko an wanke shi da nono.”

Ni na iso kwana biyu bayan haka, na tarar gida ya rabu. Tsohuwa da matan gida suna gefe guda, ɗalibi da rundunar ƙannensa suna ɗaya gefen, kowa na jiran Kawu ya raba gardama. Da farko na ɗauki abin wasan kaka da jika. Da na zauna na saurara, sai na ga tambaya ce da ta cancanci a baje ta a faifai: shin ya dace a ciyar da ɓera a kula da shi kamar yadda ake kiwon zomo ko tantabara, a gari irin namu?

Bari in fara da tsohuwa, ita ce babba.

Ƙyamar Inna lissafi ne na wadda ta ga yunwar 1973, ta ga ta 1984 da mutanenmu ke kira El-Buhari, ta kuma ga ta 2005. A ƙasarmu ta Adar damina ɗaya ce, wata uku zuwa huɗu, kuma abin da ta bayar shi za a yi ta tsakura har wata ta zagayo. Dubi rumbunanmu na ƙasa masu ƙaton tumbi, yadda ake ɗora su a kan duwatsu, a shafe jikinsu sumul, a bar musu baki can sama a kife da hular shuci. Wanda ya ƙirƙiro wannan gini yana da abokan gaba uku a zuciya: danshi, gara da kusu. Shi kuwa kusu ba ya jiran hatsi ya shiga rumbu. Tun daren shuka ƙananan na daji ke bin layi suna tone iri, manomi ya yi ta jiran tsiro shiru, ƙarshe ya sake shuka bayan ruwan farko ya wuce shi. Masu garka a kwarin Maggiya da masu noman rani na Ƙonni su ma suna da nasu kukan. Idan ya samu shiga ɗaki, abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi ya fi abin da yake ci. Ya huda buhu, ya yayyaga zanen da aka ajiye don sallah, ya yi sheƙa da takardun kuɗin da tsohuwa ta ƙulle a tsumma.

Harshenmu ma ya riga ya yanke masa hukunci. Mai ɗan hali a gida ɓera ake ce masa. Ko karin maganar da ta yi ƙoƙarin yi masa adalci, wadda ta ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, ba ta wanke shi daga satar ba, raba laifin kawai ta yi. Kuma ba ya ganin girman kowa. A watan Agustan 2017, bayan Shugaba Buhari ya dawo daga jinya a Landan, kakakinsa Garba Shehu ya shaida wa duniya cewa shugaban zai yi aiki daga gida saboda ɓeraye sun lalata ofishinsa. Da na ba Inna wannan labari dariya ta yi har da tafi, ta ce to ina ga rumbun talaka.

Hujjarta ta biyu ta addini ce, kuma ita ce mai nauyi a wajenta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya lissafa dabbobi biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko a cikin Harami: ɓera, kunama, hankaka, shirwa da kare mai cizo. Wani hadisin ya yi umarni a kashe fitila in za a kwanta, saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida. Akwai kuma hukuncin man shanun da ɓera ya faɗa ciki ya mutu, wanda duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya sani. Malamai da dama na Shafi'iyya da Hambaliyya sun gina ƙa'ida a kan wannan, cewa abin da aka yi umarni da kashe shi ba a ajiye shi. Har a littattafan tafsiri akwai labarin ɓeran da ya yi ta tono har madatsar ruwan Ma'arib ta ɓalle a kan mutanen Saba'u. Mutumin da ya tashi da waɗannan a kunne, ka ce masa ya sayi keji ya zuba wa ɓera ruwan sha, ka nemi abu mai wuya.

Hujja ta uku ba Inna ce ta kawo ta ba, ni na ƙara mata. A 1969 aka gano wani zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Barno, bayan ya kashe wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, sunan garin ya bi cutar. Bayan 'yan shekaru aka gane mai ɗauke da ita: wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda shi cutar ba ta kayar da shi, sai dai ya yi ta zubar da ita a fitsari da kashi a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan takwas cikin goma na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ciwon ya kai ga kwantarwa a asibiti kusan 15 cikin 100 ba sa tashi, wasu da suka tashi kuma kurumcewa suke yi. Kowane rani tana tasowa a Najeriya, musamman Ondo da Edo da Bauci da Taraba, kuma a watan Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano. Wannan ɓera ba baƙo ba ne a Nijar. Masu bincike na ma'aikatar kare tsirrai da cibiyar AGRHYMET, tare da abokan aikinsu na IRD ta Faransa, sun yi shekaru suna kafa tarko a unguwannin Yamai, suka tarar shi ne ya fi yawa a cikin gidaje. Sun kuma samu ƙwayar wata cuta mai taɓa ƙoda da hanta a jikin ɓerayen garkunan bakin kogi, sannan suka nuna yadda baƙin ɓera, wanda asalinsa ba na nan ba ne, yake bin motocin kaya yana shiga garuruwan kudu maso yammacin ƙasar. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta Ƙonni da Malbaza ta bi, wadda ta haura Tawa kuwa a Tsarnawa ta rabu da ita. Daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Duk abin da buhu zai iya ɗaukowa, zai iya iso mana.

To, ɗalibi fa?

Ya bar mu muka gama, sannan ya ce, “Kawu, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ba a kan waɗannan biyun kuke magana ba.” Nan ne ƙarfin hujjarsa yake, kuma ban iya ture ta ba. Kalmar ɓera, ko kusu a bakin mutanenmu, buhu ce da muka zuba dabbobi iri-iri a ciki. Na daji mai tone shuka daban, mai nonuwa da yawa daban, baƙin da ke hawa rufin ɗaki daban. Jaɓa ma da muke haɗawa da su ba danginsu ba ce, ƙwari take ci. Farin da ke cikin keji jikan wani babban ɓera ne mai ruwan ƙasa, ɗan asalin Asiya, wanda ya bi jiragen ruwa ya cika biranen Turai. An yi sama da shekara ɗari da hamsin ana haifarsa a hannun mutane, ana zaɓen mai sanyin hali ana barin mai cizo, har ya zama tsakaninsa da kakansa kamar tsakanin zabon gida da na daji. Ba shi ne aka sani da ɗaukar Lassa ba, kuma bai taɓa ganin rumbu ba.

Tarihin yana da ban dariya. A Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya akwai wani Jack Black, sana'arsa kama ɓera, har gidan sarauta yana yi wa aiki. In ya ci karo da mai launi na daban, fari ko dabbare-dabbare, sai ya ware shi ya haifa, ya sayar wa matan masu hali. Wato maƙiyin ɓera na farko a birnin shi ne ya buɗe kasuwar kiwonsa. A 1901 wata mata, Mary Douglas, ta kai ɓeranta wajen nunin dabbobi a garin Aylesbury ya ciyo kyauta, kuma a 1976 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Ingila. Japanawa sun riga su, domin tun 1775 aka buga littafin koyar da kiwon ɓera a can. Ta ɓangaren ilimi kuwa, daga 1906 cibiyar Wistar ta Filadelfiya ta shiga haifar farin ɓera iri ɗaya don bincike, kuma jikokinsa ne ɗaliban Zariya da Kano da Sakkwato ke gwada ganyen zogale da saiwar itatuwa a kansu yau. Yaron ya dubi kakarsa ya ce ƙwayar hawan jinin da take haɗiya kowace safiya, sai da irin waɗannan suka sha kafin a ba mutum. Tsohuwa ta ce to su ci gaba da sha can, ba a ɗakinta ba.

Sai ya koma kan halinsu. Na gani da idona, in ya yi tsaki sau biyu sukan taho bakin keji, ɗaya ya hau hannunsa ya bi har kafaɗa ya zauna yana wanke fuska da hannuwa biyu kamar mai alwala. Yini suke suna gyaran jiki. A 2011 masu bincike a Jami'ar Cikago sun kulle ɓera ɗaya a cikin wani ƙuntataccen bututu suka bar abokin zamansa a waje. Na wajen ya yi ta fama har ya koyi buɗe ƙofar ya saki ɗan'uwansa, kuma ko da aka ajiye masa cakulan a wani bututun, yakan buɗe duka biyun, sau da yawa ya rage wa wanda ya kuɓutar. Wani masani, Jaak Panksepp, ya gano cewa in aka yi musu cakulkuli suna fitar da wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, kuma sukan biyo hannun su nemi ƙari. Na san mutanen da ba za su raba cakulan da wanda suka fitar daga kurkuku ba.

Ciyarwar ma ba ta da tsada, kuma a nan lissafin Inna ya ba ta kunya. Babban ɓera yana cin giram 15 zuwa 20 a rana. Biyu ke nan ba su wuce giram 40 ba, a shekara kilo 15 bai cika ba, kusan tiya shida. Ɗan akuya ɗaya ya fi su ci nesa ba kusa ba. Sai dai hatsi zalla ba ya riƙe su. Yaron yakan gauraya hatsi da dawa da masara, ya ƙara musu dafaffen wake ko gutsuren dafaffen ƙwai ko ɗan busasshen kifi sau biyu zuwa uku a mako, da ɗanyen abu kullum, karas ko salak ko kabewa ko kankana. Gyaɗa ƙwaya ɗaya ko biyu ce, lada in sun yi abin kirki, don mai yana sa su teɓa, wadda ta yi funfuna kuwa guba ce. Ɗanyen wake ba a ba su, haka ɗanyar albasa, abin da ya sa na ce masa lallai ya kawo su ƙasar da ba ta dace da su ba, ƙasar albasa 'yar Galmi. Ɓera ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiya ya zauna, don haka ba a yi masa gwaji da abinci. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole a jefa masa guntun icce ya yi ta gwaigwaya, in ba haka ba su yi tsawo su hana shi ci. Ruwa mai tsabta ba ya yankewa. Ba a ajiye ɗaya shi kaɗai, kaɗaici na sa shi rama, kuma ba a ɗaga shi ta wutsiya. Yaro ɗan shekara ashirin da ban taɓa ganin ya wanke kwanon da ya ci tuwo ba, ga shi yana tashi da asuba yana sauya shimfiɗar keji. Wannan ma hujja ce, ko da yake ba shi ya kawo ta ba.

Makaminsa na ƙarshe gafiya ce, kuma da gangan ya ajiye ta ƙarshe. Gafiyar nan da yaranmu ke turara wa hayaƙi a rami, wadda ke cika kumatunta da abinci har muka ce mata ta tsira da na bakinta, 'yar'uwarta ta kusa tana aikin ceton rai. A 1997 wani ɗan Beljiyam, Bart Weetjens, wanda ya yi kiwon ɓeraye tun yana yaro, ya kafa ƙungiyar APOPO, daga baya suka kafa sansanin horo a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya. Ana koya wa gafiya cewa in ta shinshino ƙamshin nakiya ta tona ƙasa, za ta samu ayaba ko gyaɗa. Nauyinta bai kai ya tayar da nakiyar ba, kuma filin da mai na'ura zai yi kwanaki yana bincike ita takan gama shi cikin kusan rabin sa'a. Sun yi aiki a Mozambik, wadda aka ayyana ta rabu da nakiyoyin da aka sani a 2015, da Angola da Kambodiya. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da ɗari a Kambodiya, wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta rataya masa lambar zinariya a 2020, ya mutu a farkon 2022 yana da shekara takwas. Wasu kuma kakin marasa lafiya ake jera musu, su shinshina ɗari cikin minti ashirin su nuna mai tarin fuka, har da wanda madubin likita ya tsallake. “Kawu,” in ji shi, “Nijar ba ta rasa nakiya a ƙasa ba, ba ta rasa masu tari ba. Da yaron can na Beljiyam an fasa masa keji, wa zai yi wannan tunani?”

Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da na fara lura da shi shi ne duk hujjojin yaron an haife su ne a wata ƙasa, kuma ba duka ne ke iya jure tafiya zuwa Tajaye ba.

Zafi na farko. Ɓera ba ya gumi, ba ya haki irin na kare, ta wutsiya yake fitar da zafin jiki. Masu kiwonsa suna neman ɗaki mai awon zafi 19 zuwa 23, kuma da zarar an haura 30 ya shiga wahala. Ya zo mana da su cikin sanyin hunturu. A watan Afrilu da Mayu ƙasar Tawa takan wuce 40, ɗakin kwano kuwa tanda ne. Kusun gida yana da rami mai sanyi da zai faɗa, na keji ba shi da inda za shi. Ana iya dabara, a ajiye kejin kusa da randa, a sa musu jiƙaƙƙen katanga su kwanta a kai, amma wa zai yarda a jingina ɓera da randar ruwan sha? Sai ciwo. Irin nan suna yawan fama da ciwon numfashi, wanda ƙura da zarnin fitsari ke tayarwa, mu kuwa wata uku muke yi cikin hazo. Matansu kuma ƙari na yawan fito musu a nono. Malamin dabbobinmu na shanu ne da tumaki da raƙuma, ka kai masa ɓera mai tari sai garin ya samu abin hira na shekara. Duk da kulawa, shekara biyu zuwa uku ce rayuwarsu. Wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyinta, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ya ishe mu gargaɗi. Tsare abin da ka san bazara za ta gasa shi ba tausayi ba ne.

Tsabtarsu ma tana da iyaka. A 2013 wani yaro ɗan shekara goma ya mutu a San Diyego ta Amurka da zazzaɓin cizon ɓera, daga ɓeran kiwonsa. A 2017 hukumomin lafiya na can suka bi sawun wata ƙwayar cuta mai suna Seoul a gidajen masu haifar ɓerayen kiwo, suka samu mutum 17 da suka kamu. Can ke nan, inda ake da ɗakin gwaji a kowane lungu. Lardin Albata na Kanada, mai noman alkama, tun 1950 yake yaƙin hana ɓera zama a ƙasarsa, kuma har gobe laifi ne mutum ya ajiye shi a gida ko fari ne ko baƙi. Manoma ne su ma, lissafinsu da na Inna ɗaya. Ga kuma haihuwa: ciki kwana 21 zuwa 23, 'ya'ya takwas ko goma ko fiye a lokaci guda, su kuma kafin wata biyu sun isa haihuwa. Nasa biyun maza ne, Allah Ya taimake mu. Ƙanensa har ya fara tambayar inda za a samo mace. Sannan ƙamshin abincin keji gayyata ce. Da safe na ga kashin kusun gida zube a gefen kejin, ya zo cin abin da ya zubo, hanci da hanci da farin da ake cewa bai taɓa haɗuwa da na daji ba.

Duk waɗannan da mai hankali da kuɗi zai iya magance su. Abin da ya yanke mini hukunci wani abu ne da na gani ranar da na cika kwana huɗu. Na fito zaure da la'asar na tarar da yara biyar na maƙwabta sun yi da'ira. Ɗaya riƙe da gwangwanin madara an huda murfinsa, a ciki kusu ne da suka kama a bayan rumbu, suna tura masa tsaba ta ramin. Wani yatsansa na jini, yana tsotsa. Babbansu yana ba da labarin ramin gafiya da ya gani, gobe za su je da igiya. Su ma kiwo za su yi, irin na ɗalibi.

A Landan mai ɓera yana rufe ƙofarsa, maƙwabcinsa bai san abin da ke ɗakinsa ba. A Tajaye gida ba ya rufuwa ga yara, kuma abin da ɗan makarantar Sakkwato ya yi shi ne abin yi. Bambancin nan na farin ɓera da kusun rumbu, wanda shi ne ginshiƙin hujjarsa, gaskiya ne a littafi, amma yaro ɗan shekara bakwai ba shi da aboki mai karatun magunguna. Abin da ke kusa da shi zai kama, wato daidai dabbar da likitoci ke roƙon kada a taɓa. Gafiyar ma da ake yabo, ta Morogoro a sansani aka haife ta, likita na duba ta. Ta daji labarinta daban. A 2003 an yi jigilar ƙananan dabbobin daji kusan 800 daga Gana zuwa Amurka don masu sha'awar kiwo, da gafiyoyi a ciki. Aka ajiye su kusa da wasu dabbobi masu kama da kurege, waɗannan suka kwashi ƙyandar biri suka kai gidajen mutane, mutum 47 suka kamu a jihohi shida, gwamnati ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka gaba ɗaya. A wani tsibiri na Fulorida kuwa gafiyoyin wani mai kiwo ne suka kuɓuce suka hayayyafa, aka yi shekaru ana farautarsu.

Ban bar tsohuwa ta tafi da nasara duka ba. Yaƙin da muke yi da kusu yaƙin jahilci ne. Mu sayi shinkafar ɓera a hannun mai talla da lasifika, ba suna ba awo, mu barbaɗa a bayan tukunya, kaji su ci, kyanwa ta ci mushen, wani lokaci yaro mai rarrafe ya riga kowa. Yara su kama shi da rai su zuba masa kananzir su kunna, alhali addinin da ya ce a kashe shi ya hana azabtarwa da wuta, ga kuma shinge da shuci ko'ina. Mu bar tuwon dare a buɗe, mu shanya gari a ƙasa, mu tara karan dawa jingine da rumbu, mu yi masa tsani da hannunmu. Cikin mako guda yaron ya koya wa gidan abin da guba ba ta koya mana ba. Ya nuna cewa kusu jikin bango yake bi, don haka can ake kafa tarko, ba tsakar ɗaki ba. Ya ce ɓera na tsoron sabon abu, a bar tarkon da abinci kwana biyu ba a ɗana ba har ya saba. Ya bi ɗakin ajiya yana cusa yatsa a kowace kafa, duk inda ya shige ya sa aka toshe da laka da fasassun kwalabe. Ya hana a ɗauki mushe da hannu, ya hana a share kashinsa a bushe sai an yayyafa ruwa. Wanda ya san yadda ake ciyar da ɓera shi ya fi sanin yadda ake hana shi ci, kuma Inna da kanta ta ce tun da aka toshe ramukan ba ta ƙara jin ƙwaram a kwanukanta da dare ba.

Ga abin da na yanke, kuma shi zan faɗa wa duk gidan da irin wannan ta taso. Farin ɓera ba dabbar kiwon Tajaye ba ce, ba ta Malbaza ko Ƙonni ba ce, ba ta duk garin da rumbu ke tsakar gida yara ke shiga ko'ina ba ce. Wurinsa ɗakin bincike, ko gidan birni mai sanyi da ƙofa da likita. Ba a sake su a daji, ba a ba kyanwa, a mayar da su inda suka fito. Kafin hutu ya ƙare kejin ya koma ɗakin mai shi, ba yaron da zai ƙara leƙawa, shi kuma ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su. Kusun gwangwani na sa an kashe an binne, mai yatsa na kai shi likita. Yaran da ke son kiwo a ba su zomo ko tantabara, ko ɓeran Masar, wanda ɓera ne a suna kawai kuma ba daga Masar yake ba, daga duwatsun Kudancin Amurka ya fito, ciyawa da ganye yake ci, ba ya hawa bango ba ya huda buhu. Ɗalibi kuma, in da gaske gafiya ta shiga ransa, ya bi ta ta hanyar karatu, Yamai na da masu binciken ɓera kuma Morogoro ba ta gudu ba.

Bai ji daɗi ba. Ya ce, “Kawu, wato an hukunta su da laifin wasu.” Na ce haka ne.

Ranar komawarsa ya lulluɓe kejin da zanen nan, muka raka shi bakin hanya ya shiga motar Ƙonni. Inna ta ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli da tiya guda ta hatsi, ta ce hatsin na furarsa ne, kada ta ji an ba kusu. Ƙannensa yanzu zomaye uku gare su a bayan ɗakin awaki. Iyaye, in kun ga yaro da gwangwani mai hudajjen murfi, ku karɓa ku duba abin da ke ciki.